Kwalliyar ɗaki mai siffar ƙwai, ku ba ni shawara jama'a

Amaryar Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara na zo nema. Bikina saura wata biyu in Allah ya kai mu, kuma inda za a kai ni a Sawaba ciki da falo ne, falon ma bai da wani girma. To kwanan nan duk inda na buɗe a Instagram da TikTok sai in ga kayan ɗaki masu siffar ƙwai, madubi ne, fitila ce, tukunyar fulawa ce, har da wata kujerar lilo da mutum ke shigewa cikinta kamar ɗan tsako bai fito ba, wallahi abin ya shiga raina sosai, ina son ɗakina ya fita daban da jeren da kowa ke yi. A ina zan samu irinsu nan Kumasi ba tare da na ƙarar da kuɗin gara ba?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sa alheri ya kai mu lokacin. Ni dai madubi zan ce ki fara da shi, shi ne ya fi sauƙin kuɗi kuma shi ke fara ɗaukar ido in an shigo. Kar ki sai na kanti a Adum, tsada ce kawai. Ki samu kwali babba ki ninka shi biyu ki zana rabin ƙwai ki yanke da almakashi, in kin buɗe za ki ga gefe da gefe sun zo daidai, ƙasa ya fi faɗi sama ya ɗan tsuke. Sai ki kai wa masu yankan gilashi su ɗora a kai su yanka miki. Amma ki tsaya a kansu su goge bakin, nawa na farko ba a goge ba sai da ya yanki Hassana a yatsa.

Amaryar Aboabo: Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba Anti. To bayan madubin fa, haka zan manna shi a bango?

Baba Kafinta: A'a 'yata, kar ki manna gilashi tsirara a bango, ranar da za ku tashi daga gidan ba zai ciru ba sai a fashe. A yanko filawud daidai siffarsa amma ya fi shi faɗi da kamar yatsa biyu ko'ina, a manna gilashin a kai, a sa maratayi biyu a baya ba ɗaya ba, don mai siffar ƙwai in maratayi ɗaya ne kullum sai ya karkace. Kuma a bar 'yar tazara tsakaninsa da bango saboda danshin garin nan, bangon Kumasi da damina yana gumi, shi ke sa bayan madubi ya yi baƙi-baƙi. In katako mai kyau kike so na zagayen ki je Sokoban, can 'yan katakon Anloga suka koma, guntayen da suka rage musu ma sun ishe ki.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Yau ƙwai ne ya zama sabon yayi? Ku yaran nan ku tambaye mu. Ni na taso na ga ƙwan jimina a ɗakin kakata a nan Zango, daga arewa mijinta ya zo mata da shi lokacin da yake fataucin goro, an saƙa masa riga ta jar fata da tuntu a ƙasa, yana rataye daga sama daidai saitin gadonta. Fari ne amma ba fari fat ba, kamar launin madara, in kin matsa kusa za ki ga ƙananan ramuka a jikinsa kamar na ɓawon lemu. Duk ranar Juma'a sai ta sa a sauko da shi ta goge da tsumma da ɗan man kaɗe, mu yara ba mu isa mu taɓa ba. Da ta rasu aka yi rabon kaya ban san hannun wa ya faɗa ba, har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, da yana wurina da ke zan ba amarya.

Amaryar Aboabo: Allah sarki Hajiya, Allah ya jiƙanta da rahama. Wallahi ban taɓa sanin namu na da suna yi ba, na ɗauka abin Turawa ne.

Ɗalibin Tek: Amin. Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ba a ɗakunan mata kaɗai ba. Duk wanda ya kalli hoton babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, ya duba can ƙololuwar hasumiyoyin zai ga wani farin abu a kai, ƙwan jimina ne. A Turkiyya ma masallacin Sulaimaniyya na Istanbul da aka gama a 1557, an rataye ƙwan jimina a tsakanin fitilu, suna cewa yana korar gizo-gizo kar ya yi saƙa. Cocin Kibɗawan Masar da na Habasha su ma suna ratayewa. Ita kuma kujerar da kika gani Yaya, asalinta Denmak ne, wani mai zanen gine-gine Arne Jacobsen ya fitar da mai ƙafa a 1958 saboda wani otal a Kopenhegen, ta lilon kuma Nanna Ditzel da mijinta suka yi a 1959. Kin ga su ma ba yau suka fara ba, waya ce kawai ta dawo da abin.

Mai Walda na Magazin: Tunda an zo kan kujera bari in sa baki, don wannan aikina ne. Amarya in gidan haya ne ki manta da ratayewa a silin. Silin ɗinmu na zango filawud ne ko roba ko pi-o-pi, ba abin da zai riƙe nauyin mutum, sai in dekin ne na kankare, shi ma sai mai gida ya yarda a huda. Abin da ake yi shi ne ƙafa ta ƙarfe, zobe a ƙasa da sanda mai lanƙwasa ta taso ta baya, a saƙala kwandon da sarƙa da sifirin. Amma ki auna falonki tukuna, ƙafar nan kaɗai tana cin wajen mita ɗaya ko'ina, ga kuma filin da za ta yi lilo, in kin sa kujeru da teburi da shogilas ina za ta zauna? Ina roƙonki ki ɗauki tef ki auna kafin ki ba kowa ko sisi.

Maman 'Yan Biyu: Wannan gaskiya ne. Maƙwabciyata ta saya da ɗoki, yanzu tana baranda an tara wanki a cikinta.

Mai Walda na Magazin: Sannan na waje da ake shigowa da su a kwantena, da yawa bututun siriri ne kamar takarda, fenti ne ya rufe shi, damina ɗaya tsatsa ta ci gindin. An kawo min guda uku gyara a bana, duk a waje ɗaya suka karye, daidai inda sandar ta haɗu da zoben. In za a yi miki a Suame ki ce bututu mai kauri kike so, a sa jan fenti na hana tsatsa kafin a sa baƙi, kwandon kuma masu saƙar ken su saƙa a kan firam ɗin. Kuma gidan da yara ke shigowa a kula, su ba zama suke yi ba juyi suke da ita.

Amaryar Aboabo: Na gode Yaya. Na tura ƙanina ya auno ɗazu, ƙafa goma sha biyu ne da goma. Ina ga kujerar nan haƙuri zan yi da ita sai mun samu wuri mai faɗi, duk da raina na so.

Hajiya Babba: Gara haka 'yar nan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki yi da abin da ɗakin zai ɗauka.

Anti Mai Lalle: Ni kuma bari in faɗa miki wanda ba zai ci miki wuri ba kuma ba zai ci kuɗi ba, ƙwan zabi. Da damina yana cika gari, daga Tamale da Bolga ake sauke shi, kuma ba ya buƙatar wani fenti don Allah ya riga ya yi masa ado, ga ɗigo-ɗigon nan ga tsinin kansa da ya fi na kaza kyau, ɓawonsa kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yadda nake yi, in samu babbar allura ko ƙaramar ƙusa in huda sama da ƙasa a hankali ina murzawa ba bugawa ba, na ƙasan ya ɗan fi faɗi, sai in zura tsinke in fasa gwaiduwar a ciki in karkaɗa, sannan in sa sirinji in hura iska ta sama komai ya zubo ta ƙasa a kwano, wannan na soyawa ne ba a zubarwa. Sai in ɗura ruwa da ɗan bilic in girgiza in zubar, sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau, in kife su a kan kiret su yi kwana uku a inuwa inda iska ke bi. In sun bushe sai in shafa musu banis ko jan farce marar launi. Guda bakwai ko tara a ƙaramin kwandon Bolga a kan teburi, wallahi duk wanda ya shigo sai ya tambaya.

Matar Soja: Dan Allah amarya ki riƙe maganar wankewar nan da kyau. Ni na yi gaggawa lokacin sunan ɗana, na hure su na ɗauraye sau ɗaya na shafa banis washegari na toshe ramukan da gam, bayan sati ɗaya falo ya ɗauki wani wari ba mu san daga ina ba, muka ɗaga kujeru muka ɗaga kafet muna neman mushen ɓera, ashe su ne, ga tururuwa ta yi layi har kan teburi. Duka ashirin na kwashe na zubar, na ji zafin wahalata ƙwarai.

Anti Mai Lalle: Ayya sannu. Fatar nan ta ciki ce ba ta bushe ba. Kar a toshe ramin ma gaba ɗaya, a bar shi yana shan iska. In kuma launi kike so amarya, ki sai farin ƙwan kaza ko na agwagwa. Ɓawon albasa in an tafasa yana ba da ja mai duhu kamar lalle ya kama, kurkum yana ba da ruwan ɗorawa, sobolo kuma, wato zoɓo, zai ba ki mamaki, ba ja yake fitarwa ba, wani toka-toka ne mai duhu da ya karkata ga shuɗi. Ana ɗiga ɗan binega a ruwan don ya kama, amma kar ki bar su su kwana a ciki, binega na cin ɓawo. Ni har zanen lalle nake musu da dayis, irin na ƙafar amare, in kin kawo min ranar ƙunshinki zan zana miki kyauta.

Amaryar Aboabo: Kai Anti na gode Allah ya bar zumunci, zan kawo insha Allah.

Kawu na Alabar: Ku yi haƙuri in kawo wata magana, ba don in ɓata wa yarinya rai ba. Mu fa a ƙasar Asante muke zaune, kuma kowa ya san matsayin ƙwai a wurinsu, da shi ake wasu abubuwan gargajiya, wani lokaci ka fito da asuba ka tarar an fasa a mararraba. Ga kuma Kiristoci da ƙwan Ista. Yarinya sabuwar shiga gidan haya, dangin miji su shigo su ga ƙwai jere a kwando ko a rataye, me za su ɗauka? Bakin mutane nake ji mata.

Malama ta Islamiyya: Kawu maganarka abin dubawa ce, Allah ya saka. Abin da zan ce, ƙwai siffa ce kawai, ba mutum-mutumi ba ne ba hoton mai rai ba ne, shi ya sa ma ni na fi son irin wannan ado a kan gumakan tsuntsaye da na giwaye da ake cika shogilas da su. Inda matsala take shi ne mutum ya rataya da niyyar wai yana kore baki ko yana kawo haihuwa, wannan kam a guje shi, tsari na Allah ne. In ado ne a bar shi a ado. Shawarata ki haɗa su da wasu kayan, faifai ne, kaskon turare ne, 'yar fulawa ce, yadda kowa ya gani zai san kwalliya ce. Kuma ki nuna wa uwar mijinki tun kafin ranar jere, in ta nuna ba ta so ki bar na gasken ki tsaya a madubi da fitila, zaman lafiyarki da ita ya fi.

Kawu na Alabar: To madalla Malama, hakan ya yi.

Ɗalibin Tek: Kawu su Asantawan ma ba a tsafi kaɗai suka san shi ba. A kan sandar okyeame, mai magana da yawun sarki, akwai wadda ake sassaƙa hannu riƙe da ƙwai, ma'anarta mulki kamar ƙwai yake, ka matse ya fashe ka sassauta ya faɗi. Kuma da shi suke wa mutum murna, ranar haihuwa ko aure sai a yi eto, wato kirɓaɓɓiyar doya da manja, a ɗora dafaffen ƙwai a kai. Yaya in za ki iya shiga mota ki bi hanyar Mampong ki sauka a Ahwiaa wurin masassaƙa, ki nuna musu hoto su fafe miki ƙwai na katako manya da ƙanana, wannan ba ya fashewa ba ya wari, yara ma su yi wasa da shi. Ki ce kar su shafa baƙin kiwi, su bar jijiyar icen ta fito su sa mai kawai. Ki kuma tambaya ko icen ya bushe, ɗanye in hunturu ya zo tsagewa yake.

'Yar Nima: Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Gana. Mu nan abin ya yi yawa a shagunan Osu da East Legon, amma in kin ji kuɗin sai kin riƙe baki, kuma da na ɗaga wata tukunya na duba sai na ga ba ta fi tulun da ake ginawa a ƙauye ba, fenti fari kawai aka yi mata marar ƙyalli. Da na dawo gida sai na sayi ƙananan tuluna biyu na ƙasa, na goge da sanfefa, na haɗa fentin ruwa fari da ɗan yashi mai laushi na shafa sau biyu, sannan na tsoma tsohon buroshin haƙori a ruwan kofi mai kauri na fesa da yatsa, ya fito da ɗigo-ɗigo sak ƙwan salwa. Ku da kuke da Pankrono da Mfensi a kusa ai kun fi mu samun tukwane. Ki zaɓi mai ƙaramin baki da kumburin ciki, ki sa busasshiyar ciyawa doguwa guda uku ko biyar, kar ki cika.

Amaryar Aboabo: Yaya dan Allah turo min hoto in gani. Ruwa fa, ana iya zubawa a sa fulawa mai rai?

'Yar Nima: Zan turo in na isa gida. A'a kar ki zuba, tukunyar ƙasa tana tsatsafo, fentin zai kumbura ya ɓare kuma ya ɓata miki teburi. In dole sai mai rai ki zura ƙaramar kwalba a ciki.

Baba Kafinta: Ba wanda ya yi maganar fitila. Duma nake ba ki shawara, irin dogon nan da wuyansa bai yi tsawo sosai ba, ki duba wurin masu ƙwarya a kasuwa ki zaɓi wanda ya yi siffar. A yanke gindin, a kankare cikin tas don ƙwari na son ɓargon nan, a huda ƙananan ramuka da dirili a bi zane, in an kunna da dare hasken ya watsu a bango kamar taurari. Na yi wa 'yata guda biyu shekara huɗu ke nan suna nan. Sharaɗi ɗaya, ƙwan fitila ya zama LED wanda ba ya zafi, kar a sa mai zafin nan na da, kyandir kuwa ko kusa, duma busasshe ne wuta ba ta masa wuya. In kin samu mai caji ma ya fi, ranar da aka ɗauke wuta ya yi miki aiki biyu.

Maman 'Yan Biyu: Baba ka ga mu ma a Hausa ƙwan fitila muke cewa, ashe tun can ƙwai na cikin ɗaki. Amarya abu ɗaya zan ƙara, kar ki mai da komai ƙwai. Madubi ɗaya babba, fitila ɗaya, kwando ɗaya a teburi, ya isa. Na shiga wani ɗaki labule ƙwai, filo ƙwai, agogo ƙwai, har ido ya rasa inda zai sauka. Kuma ki tuna ƙurar hunturu, duk ƙaramin abin da kika jera ke za ki bi shi da tsumma kullum.

Amaryar Aboabo: Gaskiya ne Anti. Amma ni yanzu maganar Hajiya ce ta tsaya min, ƙwan jiminar nan. Ana samunsa kuwa?

'Yar Nima: Na taɓa gani a Arts Centre, kasuwar kayan sana'ar hannu ta nan Ankara, wurin 'yan arewa masu kayan fata, amma ba kullum ba. Ki yi hankali akwai na roba da na filasta da ake sayarwa a matsayin na gaske. Na gaske ko an fafe shi yana da ɗan nauyi, kaurin ɓawon ya kai milimita 2, in kin ƙwanƙwasa da farce yana ƙara kamar tangaran, kuma za ki ga rami ɗaya a ƙasa inda aka zubar da cikin.

Ɗalibin Tek: Kuma babba ne fa Yaya, cikakke yana kai kilo ɗaya da rabi, cikinsa ya kai ƙwan kaza ashirin da wani abu. Yawancin na kasuwa yanzu daga gonakin kiwon jimina ne, Afirka ta Kudu ce kan gaba, garin Oudtshoorn. In za ki saya ki tambaya na gona ne, kar mu sa a riƙa kwashe na daji, jiminar yankinmu ta riga ta yi ƙaranci.

Hajiya Babba: In kin samu ki kawo min gida kafin ki kai ko'ina. Akwai wani dattijo baduku a bayan masallacinmu, shi kaɗai ya rage da na san ya iya saƙa irin rigar fatar nan, zan zauna kusa da shi in kwatanta masa yadda ta kakata take, ja da ɗan kore a baki da tuntu a ƙasa. Kuɗin aikin ni zan biya, gudummawata ke nan.

Amaryar Aboabo: Hajiya kin sa ni hawaye wallahi, Allah ya ƙara girma da lafiya ya biya ki da aljanna. Yaya ta Nima dan Allah ki leƙa min ranar Asabar in kin samu sarari, in akwai ki kira ni ta bidiyo in gani sai in turo kuɗin ta waya, ta momo. Baba gobe bayan azahar zan zo shago da kwalin madubin, Anti Mai Lalle kuma ƙwan zabi nawa zan saya, in na lissafa da waɗanda za su fashe wurin hudawa?

Anti Mai Lalle: Sayi goma sha biyu, ki taho da sirinji sabo.